Arzikin Takarda, Bashin Gaske

Makonni uku da suka wuce wani tsohon ɗalibina ya biyo ni ofis bayan na fito daga lacca. Shekara shida ke nan da ya kammala digirinsa, huɗu daga ciki ya yi su ne yana rubuta manhaja ga wani kamfanin hada-hadar kuɗi ta intanet da ke Legas, yana aikin daga ɗakinsa a nan gari. Bayan mun gaisa na tambayi iyali, sai ya zaro waya ya nuna mini hoton wata takarda. "Malam, a rubuce ni mai kuɗi ne," in ji shi, "amma kuɗin hayar gidana na bana sai da na ranta."

Takardar ta ba shi haƙƙin sayen hannun jarin kamfanin guda 20,000 a kan dala ɗaya kowanne (na ɗan daidaita alƙaluman domin rufa masa asiri). Masu zuba jari na baya-bayan nan kuwa a kan dala 6 suka saya. Wato idan ya ba da dala 20,000, zai karɓi abin da aka ce ya kai dala 120,000. Abin da ya kawo shi wurina shi ne ya samu aiki a wani wuri, kuma ƙa'idar kamfanin ita ce duk wanda ya ajiye aiki yana da kwana 90 ya biya kuɗin, in ba haka ba haƙƙin ya faɗi. Shi kuwa ba shi da dala 20,000. Wani dillali ya ce zai samo masa mai saye a kan dala 3 da rabi idan kamfanin ya yarda. Wani attajiri kuma ya ce zai ranta masa dalolin, hannun jarin ya zama jingina, a haɗa da takardun filin da ya gada a wurin mahaifinsa. Tambayarsa ita ce: ya sayar a kan ragi, ko ya ci bashi ya jira ranar da kamfanin zai shiga kasuwa?

Na ga ya dace in kawo maganar wannan fili, domin irin wannan takarda ta fara yawa a hannun matasanmu. Tun daga watan Oktoba na 2020 da kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack na Legas a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200, labarin arzikin kamfanonin fasaha ya shiga kunnen kowane ɗalibin kwamfuta. A 2022 an yi wa Flutterwave ƙimar da ta haura dala biliyan 3, a 2024 kuma Moniepoint ya kai dala biliyan ɗaya. Irin waɗannan kamfanoni sukan biya ma'aikaci albashi, su cike sauran da alƙawarin hannun jari wanda ke nuna sannu a hankali, galibi cikin shekara huɗu. Sai dai ba mu cika koya wa ɗalibanmu yadda ake karanta wannan alƙawari ba, kuma laifin rashin koyarwar har da ni a ciki.

Mu fara da gyara wata kalma. Idan muka ce kamfani mai zaman kansa, a Hausa abin da muke nufi shi ne wanda ba na gwamnati ba. A nan kuwa ana nufin wanda bai shiga kasuwar hannun jari ba. Dangote Cement da MTN Nigeria ba na gwamnati ba ne, amma suna cikin kasuwar Legas: farashinsu na fitowa kowace ranar aiki, lissafinsu a buɗe yake, mai hannun jari zai iya kiran dillalinsa da safe ya sayar kafin a tashi. Kamfanin ɗalibina ba haka yake ba. Babu farashin yau da kullum, babu dokar da ta tilasta a nuna masa cikakken lissafi, babu kasuwar da zai kai hajarsa. Dokar kamfanoni ta Nijeriya ta 2020 ma ta hana irin wannan kamfani tallata hannun jarinsa ga jama'a, ta kuma ba shi damar taƙaita yadda ake sauya hannu. Ƙari a kan haka, da yawa daga kamfanonin fasahar da ke aiki a Legas uwar kamfanin a jihar Delawa ta Amurka aka yi mata rajista, don haka dokar can ce ke hukunci a kan takardar da ke cikin wayar ɗalibina.

Abu na farko da na faɗa masa shi ne, dala 6 ɗin nan farashin wani ne, ba nasa ba. Masu zuba jari suna sayen hannun jari mai fifiko, ma'aikaci kuwa gama-gari ake ba shi. Fifikon yana nufin idan aka sayar da kamfanin, su za su fara kwashe kuɗinsu kafin kowa ya taɓa ko sisi. A matsayin misali, a ce masu jari sun zuba dala miliyan 60 a kamfanin da aka taɓa yi wa ƙimar dala miliyan 300, sai kasuwa ta juya aka sayar da shi dala miliyan 70. Masu fifiko za su ɗauki 60 ɗinsu, a bar 10 ga masu kafa kamfanin da dukkan ma'aikata. Mai jari ya fita da uwar kuɗinsa, ma'aikacin da ya yi lissafi a kan miliyan 300 ya tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Wannan ya taɓa faruwa a zahiri. Masu karatu da yawa za su tuna wayar BlackBerry. A 2015 kamfanin da ke yin ta ya sayi wani kamfanin tsaron wayoyi na Kalifoniya mai suna Good Technology a kan dala miliyan 425, alhali kafin nan ƙimarsa ta kai dala biliyan 1.1. Hannun jarin ma'aikata, wanda shekara guda kafin cinikin aka ce ya kai dala 4.32 kowanne, sai ya koma santi 44, yayin da na masu fifiko ya tashi a kan fiye da dala 3. Mafi ciwo shi ne wasu ma'aikatan sun riga sun biya gwamnatin Amurka haraji a kan tsohon farashin, domin a can ana iya bin mutum haraji a kan ribar da ke rubuce tun bai sayar ba. Sun biya haraji da kuɗin aljihunsu a kan arzikin da bai taɓa shiga aljihun ba.

Ko a kamfanin da ya yi albarka, bambancin yana nan. A 2009 kamfanin zuba jari na DST daga Rasha ya sayi hannun jari mai fifiko a Facebook bisa ƙimar dala biliyan 10. A cikin shekarar kuma ya yi tayin sayen na ma'aikata bisa ƙimar dala biliyan 6.5. Mai saye ɗaya ne, kamfani ɗaya ne, tsakanin cinikin biyu 'yan makonni ne, amma farashin ya bambanta da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Saboda haka dala 3 da rabi da dillali ya taya wa ɗalibina ba lalle zalunci ba ne. Mai yiwuwa ita ce ta fi kusa da gaskiyar abin da ke hannunsa.

Abu na biyu shi ne, mallakar hannun jari a irin wannan kamfani ba ta ba mutum ikon sayarwa yadda ya ga dama. Wanda ya karanta fiƙihu ya san babin shuf'a: idan abokin tarayya a gida ko gona ya sayar da rabonsa ga bare, ɗaya abokin yana da haƙƙin karɓar cinikin a kan farashin da aka yi. Kusan kowane kamfanin fasaha yana da irin wannan sharaɗi, kuma wasu sun zarce haka, sun ce babu sayarwa ko jinginarwa sai da amincewar hukumar daraktoci. Dalilinsu a fili yake. Ba sa son baƙi a cikin rajistar masu hannun jari, ba sa son farashin bayan fage ya karya farashin da suke nema a wurin masu zuba jari. Hanyar da ta fi tsafta ita ce wadda kamfanin da kansa ya buɗe, ya ce a tsakanin rana kaza da rana kaza ma'aikata na iya sayar da wani kaso a kan farashi kaza. Idan aka rasa wannan, dillalai kan ɓullo da wata dabara: ka karɓi kuɗi yau, ka sa hannu cewa duk ranar da aka buɗe ƙofa za ka miƙa hannun jarin. Cinikin biri a sama ke nan, kuma idan ya saɓa wa yarjejeniyarka da kamfani, kamfanin na iya ƙin amincewa da shi, ka wayi gari mai saye na binka abin da ba ka da ikon bayarwa.

Abu na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne bashin. Bahaushe ya san jinginar gona. Mai gona ya karɓi kuɗi, ya bar gonar a hannun mai kuɗi har ya biya. Amma gona tana nan inda take, kowa a unguwa ya san iyakarta da darajarta, kuma fari na shekara guda ba ya shafe ta daga doron ƙasa. Hannun jarin kamfanin da bai shiga kasuwa ba yana iya rasa rabin ƙimarsa a zama ɗaya na masu zuba jari. Kamfanin Klarna na Suwidin ya kai dala biliyan 45.6 a tsakiyar 2021, bayan shekara guda ya koma dala biliyan 6.7. Stripe kansa, wanda ya sayi Paystack, ya sauko daga dala biliyan 95 a Maris na 2021 zuwa dala biliyan 50 a Maris na 2023. Daga baya Stripe ya farfaɗo, ya sake haura dala biliyan 90 a farkon 2025. To amma wanda wa'adin bashinsa ya cika a 2023 fa? Kamfani na iya jinya ya warke, mai bin bashi kuwa ranar da aka rubuta a takarda ya sani.

Mai ba da rance ya san duk wannan, shi ya sa ba ya yarda da jinginar ita kaɗai. Bashin iri biyu ne. Akwai wanda ke tsayawa a kan jingina: idan hannun jarin ya lalace, asarar ta mai kuɗi ce, amma idan ya yi albarka zai yanki babban kaso na ribar bayan uwar kuɗinsa. Akwai kamfanoni a Amurka da wannan ce sana'arsu, kuma sukan zaɓi kamfanonin da suka riga suka yi ƙarfi ne kawai. Akwai kuma bashin da ke bin mutum har gida: idan jinginar ta gaza, sai a koma kan albashinsa da filinsa. Attajirin da ya nemi takardun filin ɗalibina ya riga ya faɗa masa ra'ayinsa game da hannun jarin ba tare da ya buɗe baki ba. Da ya yarda cewa takardar ta kai dala 120,000, me zai yi da fili a kan rancen dala 20,000?

A farkon 2022 wani kamfanin biyan kuɗi na San Faransisko mai suna Bolt, wanda ba shi da alaƙa da Bolt na ɗaukar fasinja da muka sani, ya kai ƙimar dala biliyan 11. Wanda ya kafa shi, Ryan Breslow, ya fito yana alfahari da tsarin da kamfanin ya kawo na ranta wa ma'aikata kuɗi su sayi hannun jarinsu, bisa sharaɗin cewa wani kaso na bashin yana kan wuyan ma'aikaci, kuma in ya bar aiki wa'adin biya kwana 90 ne. Masana da yawa sun yi gargaɗi a lokacin. A watan Mayu na shekarar kamfanin ya sallami ɗaruruwan ma'aikata. Kamfanin ya ce ƙalilan ne daga cikinsu suka karɓi rancen, amma darasin ya fito fili: ranar da kamfani ya shiga matsala, a ranar ne albashinka ke tsayawa, jinginarka ke faɗuwa, bashinka ke cika. Igiya ɗaya ce ta ɗaure su duka.

Wani zai ce ai masu kafa kamfanonin kansu suna cin irin wannan bashi. Haka ne, kuma labarin Adam Neumann na kamfanin WeWork ya nuna dalilin da ya sa bai kamata ma'aikaci ya auna kansa da su ba. WeWork kamfanin hayar ofisoshi ne da ya riƙa kiran kansa kamfanin fasaha, kuma a Janairun 2019 an yi masa ƙimar dala biliyan 47. Jaridar Wall Street Journal ta ruwaito a shekarar cewa Neumann ya riga ya fitar da fiye da dala miliyan 700 ta hanyar sayar da hannun jari da cin bashi a kansa. Manyan bankuna, ciki har da JPMorgan da UBS da Credit Suisse, sun buɗe masa ƙofar rance har dala miliyan 500. Da kamfanin ya buɗe lissafinsa a watan Agusta domin shiga kasuwa, masu saye suka ga girman asarar suka ja da baya. A watan Satumba Neumann ya sauka daga shugabanci, a watan Oktoba kamfanin SoftBank na Japan ya ceto WeWork bisa ƙimar kusan dala biliyan 8. A cikin yarjejeniyar ceton an tanadar wa Neumann rancen da zai biya bankunan da shi, da dala miliyan 185 a matsayin ladan ba da shawara. Wata guda bayan haka aka sallami ma'aikata kusan 2,400, kuma da yawa daga masu haƙƙin saye sun tarar farashin da aka yanka musu ya fi darajar hannun jarin. A Nuwamban 2023 kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda ya kasa biyan basussukansa. Neumann yana da ƙuri'un da suka sa dole a zauna da shi a sasanta. Ma'aikaci mai hannun jari 20,000 ba wanda zai kira shi teburin sulhu.

Mu ma a Nijeriya mun taɓa ɗanɗana wannan, ko da yake a kasuwar fili ne. A 2007 da farkon 2008 bankuna sun yi ta ba mutane rance su sayi hannun jari, hannun jarin ya zama jingina. Ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da malaman jami'a irina sun shiga. Daga Maris na 2008 kasuwar ta fara zubewa, cikin shekara guda ta rasa fiye da kashi 60 cikin 100 na darajarta. A watan Agusta na 2009 Gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, aka zuba musu Naira biliyan 420, a 2010 kuma aka kafa hukumar AMCON domin ta kwashe ruɓaɓɓun basussukan. An ceto bankuna, amma masu ƙananan bashi su suka ci gaba da biya a kan takardun da suka zama toka. Wannan fa a kan hannun jarin da ake iya sayarwa kowace rana ne. Ina ga wanda ba shi da kasuwa? Ga kuma matsalar canji: a farkon Yunin 2023 dala tana ƙasa da Naira 500 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Mai samu a Naira da ya ci bashin dala a wancan lokaci ya ga bashinsa ya ninka uku ba tare da ya ƙara karɓar ko kwabo ba. Ban ma shiga batun kuɗin ruwa ba, wanda hukuncinsa sananne ne, kuma ga masu karatu da yawa shi kaɗai ya isa ya rufe maganar.

Adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren. Sayarwa da wuri tana da tata nadamar. Ma'aikatan Facebook da suka sayar bisa ƙimar dala biliyan 6.5 a 2009 sun ga kamfanin ya shiga kasuwa a Mayun 2012 bisa ƙimar kusan dala biliyan 104. Babu shakka wasunsu sun ciji yatsa. Sai dai nadamar iri biyu ce, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Wanda ya sayar da wuri yana nadamar ribar da ta wuce shi, yana zaune a gidansa. Wanda ya ci bashi kamfanin ya durƙushe yana nadamar filin mahaifinsa. Kuma muna jin labarin Facebook ne saboda ya yi nasara. Dubban kamfanonin da suka mutu ba a rubuta tarihin ma'aikatansu ba.

Shawarar da na ba ɗalibina ba ta da tsawo. Na ce ya rubuta wa kamfanin ya nemi amsa a rubuce: nawa ne adadin hannun jarin kamfanin gaba ɗaya, domin 20,000 ba ta da ma'ana sai an san cikin nawa ce, nawa ne kuɗin masu fifiko da za a fara cirewa, ko an yarda ya sayar wa bare, ko za a tsawaita masa kwana 90 ɗin, tunda wasu kamfanoni suna yin haka ga wanda ya daɗe yana aiki. Na ce ya kai takardar ga lauyan da ya san dokar ƙasar da aka yi wa kamfanin rajista, ya kuma tambayi masanin haraji kafin ya sa hannu a kan komai. Idan kamfanin ya amince da cinikin dillalin, ya sayar da kason da zai biya kuɗin saye ya kuma biya masa buƙatunsa, ya riƙe saura. A lissafinsa, sayar da guda 8,000 a kan dala 3 da rabi zai kawo dala 28,000, ya biya 20,000 ɗin, ya rage masa wani abu na haraji da haya, ga kuma guda 12,000 da babu bashin kowa a kansu. Idan kamfanin ya ƙi, ya sayi iya abin da ajiyarsa za ta ɗauka, wanda in ya salwanta ba zai hana shi barci ba, ya bar sauran ya tafi. Takardun filin kuwa na ce kada su bar akwatin da suke.

Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce, "Malam, idan kuma kamfanin ya zama kamar Paystack fa?" Na ce to alhamdulillahi, guda 12,000 za su ishe shi godiya. Magabata sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma wannan akurkin ma mabuɗinsa yana hannun wasu.

Ga 'yan'uwana malamai kuma, musamman na sassan kwamfuta da lissafin kuɗi da shari'a, lokaci ya yi da za mu ware ko da lacca biyu a shekarar ƙarshe mu karanta irin wannan takarda tare da ɗalibai, sakin layi bayan sakin layi. Muna yaye matasan da ake biyan wani ɓangare na guminsu da alƙawari, kuma yawancinsu ba sa neman fassarar alƙawarin sai kwana 90 sun fara ƙirguwa.

Allah Ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka ya kai mu.